Mota mai kujera biyu, da tambayar ƙanwata: "Ni ina zan zauna?"

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ƙanwata ta kira ni daga Tasawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ka yi wa ɗanka magana. Wai mota zai saya marar rufi, mai kujera biyu tak, ta miliyoyin kuɗi. Ni in Allah ya kai ni can ina zan zauna? Bisa taya?" Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba.

Ɗan nawa da take faɗi ba yaro ba ne yanzu, shekararsa 31. A gidana nan Maraɗi ya yi koleji da lise, ni na koya masa lissafi a aji da kuma bisa tabarma a tsakar gida. Ya samu bak, ya tafi Faransa karatu, yau shekara shida ke nan yana aikin injiniya a birnin Lyon. Shi ya gina wa uwarsa ɗakin siminti, shi ke biyan kuɗin lakwal na ƙannensa uku. Bai yi aure ba tukuna.

Washegari da safe sai ga hotuna uku ta WhatsApp. Ya ce, "Kawu, ka duba mini. Na san Inna ta riga ni zuwa wurinka." Ta farko Mazda MX-5 ja, mai shekara biyar, ana neman Yuro 22,000. Ta biyu BMW Z4 wadda ba ta daɗe da fita ba, wajen Yuro 40,000. Ta uku Porsche Boxster ƙirar 2006, Yuro 25,000. Tun da Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957 ba ya motsi, lissafin ba shi da wuya: ta farko miliyan 14 da ɗoriya, ta biyu miliyan 26, ta uku miliyan 16.

Ban ce masa kada ya saya ba. Na san cikin masu karatu, malamai ƴan'uwana da iyaye, akwai waɗanda za su ce wannan mushe ya tsufa banza. Ku yi mini haƙuri ku ji dalilina, don ina ganin yadda muke amsa wa ƴaƴanmu in sun zo mana da irin wannan buri ya fi motar kanta muhimmanci.

Bari mu fara sanin abin da ake magana a kai. Irin wannan mota Faransawa na ce mata kabriyole, Ingilishi kuma rodsta. Ƙarama ce, tana kwance kusa da ƙasa, kujera biyu gare ta, rufinta ana naɗe shi ya koma baya. Ƴar ƙasashen sanyi ce. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka da suka zauna Ingila sun koma gida da ƙananan motocin MG, daga nan kasuwar ta buɗe. Amurka ta fito da tata, Chevrolet Corvette, a 1953, guda 300 kawai aka ƙera a shekarar, dukansu farare masu buɗaɗɗen kai. Jamus ta kawo Mercedes 300 SL marar rufi a 1957, Ingila ta kawo Jaguar E-Type a 1961. Daga baya kasuwar ta yi sanyi, har sai da Japan ta farfaɗo da ita a 1989 da Mazda MX-5, wadda a shekarar 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Nasararta ce ta zaburar da Jamusawa: BMW Z3 a 1995, Mercedes SLK da Porsche Boxster a 1996.

Me ya sa mutanen can suke son mota marar rufi? Saboda rana baƙuwa ce a wurinsu. Mutumin da ya yi wata biyar cikin hazo da ruwa da duhu tun ƙarfe biyar na yamma, ranar da rana ta fito so yake ta taɓa masa goshi. Mu kuwa duk dabararmu ta gudun rana ce: zaure, rumfa, malafa, inuwar dogon yaro. A ƙasarmu babban mutum shi ne wanda ake riƙe wa laima. Shi ya sa ƙanwata ta kasa gane yadda mai hankali zai ba da miliyoyi don a cire masa inuwa. Ɗanta kuwa ya yi damina da hunturun Turai fiye da goma, ya gane.

Amma kada mu yi kamar son abin hawa na ado baƙon abu ne gare mu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Damagaram ko nan Maraɗi ya ga doki da aka kashe wa kuɗin da zai sayi gona: sirdi, linzami, jalala, likkafa, ga hatsi da harawa da kanwa kullum, ga yaron da ke kula da shi. Dokin nan ba ya noma, ba ya ɗaukar kaya zuwa kasuwa, mutum ɗaya yake ɗauka. Ba mu taɓa ce wa mai shi mahaukaci ba. Abin da muke duba shi ne gidansa. In rumbunsa cike yake, iyalinsa sun ƙoshi, maƙwabta na shan inuwarsa, sai mu ce Allah ya ƙara girma. In kuwa dokin na cin gero matarsa na bin gidaje aron tiya ɗaya, garin duka ya san sunan da zai ba shi. Wannan ma'aunin na kakanninmu shi na ɗora wa ɗan ƙanwata, ban ƙirƙiro wani sabo ba.

Na ce masa, "Kafin mu zo kan wacce, faɗa mini da kuɗin wa." Ya ce yana da ajiya, sauran kuma banki zai ba shi. A nan na tsaya. Abin marmari ba a cin bashi a kansa. Ana iya cin bashi don gona, ko shago, ko magani, amma motar yawon ranar Lahadi darajarta raguwa take kowace safiya, bashin kuma yana nan da ruwansa. Na ce duk wadda ajiyarka ba za ta biya ba lakadan, ta kuma bar maka abin da za ka rayu wata shida ko aiki ya tsaya, ba taka ba ce. Na ce kuɗin lakwal na ƙannenka da abin da kake aika wa uwarka ba sa cikin wannan lissafi, a gefe suke, kamar irin shuka da ba a dakawa ko yunwa ta yi tsanani. Da wannan kaɗai BMW ta fita daga layi, ba don tana da aibi ba, don ta fi ƙarfin aljihunsa.

Sai na ce ya kawo mini kuɗin riƙo, don kuɗin saye shi ne ƙaramin lissafi. Inshorar irin waɗannan motoci ta fi ta motar iyali tsada. Mai rufin ƙyalle ba a barinta ta kwana a titi a babban birni, wuƙa ɗaya ta ishi ɓarawo, don haka sai an yi hayar gareji kowane wata. Tayoyinsu faɗi gare su, ba su da araha. A yankunan duwatsu na Faransa, waɗanda ba su da nisa da Lyon, doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. In sabuwa ce fil, akwai harajin da Faransa ke ɗora wa mota gwargwadon hayaƙin da take fitarwa, wanda ƙolinsa ya kai Yuro 60,000 a 2024, ya hau 70,000 daga Maris na 2025. Wato a 2025 haraji kaɗai na iya kai kusan sefa miliyan 46. Wanda ya sayi ta hannu mai lambar Faransa, wani ya riga ya biya masa wannan, shi ya sa ban ga hikimar sayen sabuwa ba ga ma'aikaci irinsa.

Saura biyu ke nan, kuma na san inda zuciyarsa take. Porsche yake so, saboda sunan. Gaskiya Boxster mota ce da masana suka yaba. Injinta a tsakiya yake, bayan kujeru, wannan ke sa ta zauna daram a kwana, kuma tana da wurin kaya biyu, gaba da baya. Ita ce ma ta taimaka wa kamfanin ya fita daga matsin kuɗi a shekarun 1990. Sai dai tsohuwar mota mai tsada farashinta kaɗai ke sauka, kuɗin gyaranta ba ya sauka. Motar da ta kusa shekara 20 a duniya, in ta nemi kayan gyara, farashin Porsche za a biya, makanikin ma sai wanda ya san ta, kuma isa ga injin da ke ɓoye a tsakiya aiki ne na daban. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayi tsohuwar babbar mota da kuɗinsa na ƙarshe, ya sayi doki ne ba shi da harawa.

Mazda kuwa ba ta da sunan da zai sa a juyo a kalle ka, amma ita ce aka yi daidai da mai albashi. Nauyinta kaɗan ya ɗara tan ɗaya, injinta ƙarami ne, lita 1.5 ko 2, a gaba yake inda kowane makaniki zai kai hannu. Rufinta da hannu ɗaya ake turawa baya, ba famfo ba injin lantarki, abin lalacewa ya ragu ke nan. Masu rufin ƙarfe da ke naɗe kansa, irin na Mercedes SLK, sun fi tsare sanyi da ƙara, amma ranar da ya maƙale rabi a buɗe rabi a rufe mai shi zai san kuɗi. Aibinta shi ne ƙanƙanta: wurin kayanta lita 130 ne kawai, buhun shinkafa ɗaya da jakar hannu sun cika shi, dogon mutum kuma sai ya gwada zama kafin ya biya.

Ya ce, "Amma Kawu, Porsche ta fi gudu nesa ba kusa ba." Na ce a ina za ka yi gudun? Duka ukun suna wuce kilomita 200 a awa. Babbar hanyar Faransa ƙa'idarta 130, hanyoyin karkara 80 ko 90, kuma wanda ya ɗara ƙa'ida da kilomita 40 jandarma na iya karɓe masa takardar tuƙi nan take. Ƙarfin doki 250 da ba ka da filin sukuwarsa ciyarwa kawai kake yi. Akwai kuma abin da ya fi tara nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Duk malamin da ya daɗe a aji yana da sunan ɗalibi ɗaya aƙalla da babur ko mota ta ɗauke. Ni ina da uku. Na ce masa mota marar rufi daɗinta a tafiyar hankali yake, iska na kaɗa ka kana kallon gonaki. Wanda gudu yake so, ba wannan ce buƙatarsa ba, kuma ba ni zai tambaya ba.

Na ƙara masa da abin da kowane mai sayen ta hannu ya kamata ya yi can: ya nemi takardar binciken lafiyar mota wadda ba ta wuce wata shida ba, don doka ta ɗora wa mai sayarwa ita in motar ta haura shekara huɗu, ya duba littafin gyare-gyarenta, ya buɗe rufin ya rufe sau da yawa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shafa ko akwai damshi, don rufin da ke yoyo a can yake barin shaida.

Sai ya fito da abin da ke ƙarƙashin maganar duka. Ya ce yana tunanin bayan shekara biyu ya saka ta a jirgin ruwa ya kawo ta gida, ya riƙa hawa in ya zo hutu. Nan ne kaɗai na ɗaga murya. Motar da tsakaninta da ƙasa bai kai santimita 15 ba, ta yaya za ta haye tuddan rage gudu da ke kowane ƙauye tsakanin Ƙonni da Maraɗi? Ta yaya za ta shiga lungun gidan uwarsa da rairayi ke kama ƙafar jaki? A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kujerar fata ta zama tanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ka buɗe rufi ka isa gidan biki kamar wanda ya fito daga sussuka. Da damina ruwa na cika titi har gwiwa. Ga kuɗin jirgi, ga duwan, ga kayan gyara da sai an yi odarsu daga waje. Ba banza ba attajiranmu, waɗanda za su iya sayen Porsche goma, suke hawan Land Cruiser da Hilux. Na ce masa, a Lyon motar nan abin jin daɗinka ce. In ka kawo ta Tasawa ta zama abin nuni, kuma ka san waɗanda za ka nuna wa: abokanka na firamare da ke kabu-kabu, da yaran unguwa da za su bi ta da gudu su koma gida suna ganin zama ƙasar nan asara ne. Ya yi shiru mai tsawo.

Yanzu bari in ba ƙanwata haƙƙinta, don maganarta ba ta wauta ba ce. Da ta ce "ina zan zauna", ba kujera take nufi ba. Tana tsoron ɗanta ya fara rayuwar da ba ta da wurin kowa sai shi da wadda zai zaɓa. Motarmu ta gida ba ta cika: kishiya, jika, maƙwabciya mai zuwa asibiti, buhun gero, akuya a baya. Mota mai kujera biyu tana faɗin wani abu game da mai ita, ko bai yi niyya ba. Tana kuma da hujja ta biyu: miliyan 14 za su yi masa aure, su sayi fili, su haƙa rijiya a ƙauyen ubansa. Wannan gaskiya ne, kuma na faɗa masa haka ba tare da na rage komai ba.

Inda na saɓa da ita shi ne a nan. Yaron da ya yi shekara shida yana cire wa kansa yana aikowa gida, bai taɓa fashin wata ɗaya ba, ya zo ya ce ga abu ɗaya da raina ke so, in muka amsa masa da zagi me muka koya masa? Mun koya masa kada ya ƙara tambaya. Zai saya duk da haka, kuɗinsa ne, yana nesa da mu dubban kilomita, sai dai zai saya a ɓoye, ya zaɓi mafi tsada, da bashi, ba wanda ya zauna da shi ya yi lissafi. Na ga haka ya faru da ƴaƴan abokaina. Iyaye da yawa suna taƙama cewa ɗansu ba ya musu da su, alhali ya daina gaya musu komai ne. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: wasunmu mun mai da ƴaƴanmu na waje rijiya, kowa ya zo da gugarsa, ranar da rijiyar ta ce ita ma tana jin ƙishirwa sai mu kira ta almubazzara.

Ga malamai ƴan'uwana kuwa, wannan magana tana cikin ajinku ko kun sani ko ba ku sani ba. Ɗalibanmu suna ganin waɗannan motoci kullum a TikTok da Facebook, mawaƙi ko ɗan ƙwallo a ciki, rufi a buɗe. Ba wanda ke nuna musu takardar inshora ko ta banki. In muka ce "ku bar kallon banza" mun gama, su kuma sun ci gaba da kallo. Ranar Litinin na gwada wani abu da ɗaliban ajin ƙarshe na koleji. Na rubuta a allo: mota Yuro 60,000, Yuro ɗaya sefa 656, mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 a wata. Wata nawa ma'aikaci zai yi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya saye ta? Suka buga, suka samu wata 937, wato shekara 78. Ajin ya yi tsit, sannan ya ɓarke da gardama. Wani ya ce to ai sai a tafi waje. Wata yarinya a layin baya ta ce, "Mushe, shi wanda ke wajen nawa yake biyan haya?" Muka shiga wannan lissafin ma. Ban taɓa ganin sun riƙe darasin kaso cikin ɗari kamar ranar ba, don na sa sun cire kashi 10 daga darajar motar kowace shekara sun ga abin da ya rage bayan shekara biyar. Ban yi musu wa'azi ko na minti ɗaya ba. Alli ya yi aikin.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne, in yaro ya zo muku da burin da ya yi muku girma ko ya yi muku wauta, mota ce, waya ce, babur ne, ku ce masa zauna, kawo takarda. Nawa take? Da kuɗin wa? Nawa za ta ci a wata? A wace hanya za ka hau ta? Haƙƙin wa zai tsaya in ka saya? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi tun yana neman keke, ranar da miliyoyi suka shiga hannunsa shi zai yi wa kansa su. Sau da yawa ma takardar ce za ta ce masa a'a, ku ba ku ɓata da shi ba.

Shawarar ƙarshe da na ba ɗan nawa ita ce ya yi hayar irin motar na kwana biyu kafin ya fitar da ko dala, ya hau ta cikin ruwa da cikin cunkoso, ya ga ko son zai kai Litinin. In ya kai, ya sayi Mazda, lakadan, ya bar ta can inda aka yi ta don shi. Ya ce zai yi hakan in bazara ta shigo. Ita kuwa ƙanwata har yanzu ba ta huce da ni ba, ta ce na goyi bayan ɗana. Na ce mata ta kira shi da kanta ta yi masa tambayar da ta yi mini, ba cikin faɗa ba, ta saurari amsar da zai ba ta. Ta ce sai ta yi shawara. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su a hanya duk inda suke.